Batir Batir Ne

Motar ta fara gajiya ne a hankali, ba tare da ta gaya wa kowa ba. Lokacin da Mai Agogo ya saye ta, caji ɗaya yake mata ya je gidan 'yarsa Auta, ya sha ruwa, ya dawo, har da ragowar zaga gari. Daga baya ta koma kaiwa kawai, sai an kwana ana ɗura mata wuta kafin a juyo. A bana kuwa, tun a rabin hanya take kunna wata 'yar fitila mai siffar kunkuru, ta rage gudu, masu keke suna wuce su suna ɗaga hannu. Motar lantarki ce, ba ta tari, ba ta hayaƙi. Shiru kawai take yi ta tsaya.

A gareji aka ce masa batirin ne ya tsufa, sai an sauya shi ɗungurungum, ya kawo ta ya bar musu. Ya saurare su da ladabi, ya yi godiya, ya koma gida ya sanar da matarsa cewa shi zai sauya da kansa.

Matar tasa Malama ake ce mata, don lissafi ta koyar har ta yi ritaya, kuma har yanzu idan aka ba ta amsa takan tsaya ta duba ko an nuna yadda aka samo ta. Tana ninke wanki ya zo mata da maganar.

"Kai da kanka, Maigida?"

"Batir batir ne. Tun ba a haifi yaran garejin nan ba nake sauya batir."

"Na agogo."

"Girma ne kawai ya bambanta."

"An ce wannan ya fi mu nauyi, ni da kai da firji."

"To ai ba goya shi zan yi ba."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ci gaba da ninke wankinta.

Abin da bai gaya mata ba shi ne maganar hannunsa na dama. Ya fi shekara yana rawa. Idan yana zaune ba ya aikin komai, lafiya lau. Sai ya kai shi ga abu mai bukatar natsuwa, sannan ya fara kaɗawa kamar yana sallama da wani. Ranar da abin ya fara ba shi tsoro, hantsaki ne a hannunsa, yana mayar da wani sukuru da bai fi ƙwayar sukari ba cikin agogon wani tsohon alƙali. Sukurun ya yi tsalle, har yau ba a gan shi ba. Ya je wurin likita shi kaɗai, ya ce a gida ya tafi sayen kayan aiki. Likitan ya ce rawar ba za ta kashe shi ba, kuma ba za ta tafi ba. Bayan 'yan watanni ya rufe shago, ya shaida wa kowa cewa mutane sun daina ɗaura agogo, kowa waya yake dubawa. Maganar gaskiya ce, shi ya sa ta yi masa amfani.

Ba mutanen gari yake gudu ba. Malama yake gudu. A shagon nan suka haɗu tun suna da ƙuruciya: ta kawo agogon mahaifinta, aka ce ta dawo gobe, ta ce za ta jira, ta tsaya a bayan gilashi tana kallon aikin har aka gama. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ta me ta gani a jikin wannan gajeren mutum marar magana, amsarta ɗaya ce: "Ni hannun na aura, sauran jikin biyo shi ya yi." Mutane su yi dariya. Shi bai taɓa yi ba, don ya ɗauki maganar da gaske, ya ajiye ta a inda ake ajiye irinta. Yanzu tsoronsa ɗaya ne a duniya, ranar da za ta ga hannun nan yana kaɗawa, ta fara yi masa magana a hankali kamar marar lafiya.

Saboda haka ya zama gwanin ɓoyo. Hannu a aljihu. Sa hannu a takarda sai ya shiga ɗaki. Shayin safe kuwa ya bar shi ya huce, sai ta tashi ɗauko wani abu ya kurɓe da sauri. Ya ma yi sa'a, domin a daidai wannan lokacin tsufa ya sa wa Malama rowa: shayin da a da take cika masa har baki, yanzu rabin kofi take zubawa, ta ce likitoci sun ce yawansa ba kyau. Ta kuma bi rigunansa ta sauya musu maɓallai da wasu manya-manya marasa fasali, ta ce ƙanana sun ɓace a kasuwa. Ya yi ƙorafi don kada a ce bai yi ba, a ransa kuwa yana godiya da wannan dace.

Lissafinsa kan motar mai sauƙi ne. Ya leƙa ƙarƙashinta ya ga notuna, kowanne ya kai babban yatsa. Hannun da ya kasa sukurun agogo ai ba zai kasa waɗannan ba. Yana son ya yi aiki ɗaya, babba, a gaban idonta, ta gani cewa abin da ta aura yana nan.

Ya yi makonni yana kallon bidiyo a waya da madubin idonsa na gyaran agogo. Ya samo batir a wurin masu sayar da kayan motocin da suka yi hatsari, na wata mota irin tasa da aka daka ta baya tun tana sabuwa. Wurin aiki kuma ƙanin Malama ne ya bayar, wanda ake kira Rediyo don ba a taɓa gano inda ake kashe shi ba. Shagon taya gare shi, yana da injin ɗaga mota da wani teburin ƙarfe mai tayoyi da ake bugawa da ƙafa ya tashi sama. Aka tsayar da ranar da shagon ba ya aiki.

Da hantsi suka isa. Shagon yana warin roba, tayoyi jibge har rufi, ga kalandar bara a bango ba wanda ya cire. Sabon batirin yana gefe a kan katakai, baƙi, shimfiɗeɗe kamar ƙofar gida da aka kwantar. Mai Agogo ya ɗaura gyautonsa na aiki, ya share teburin Rediyo, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai.

"Mijin Yaya, haihuwa za a karɓa?" in ji Rediyo.

"Notuna za su kwanta a kai."

"Mu a nan a gwangwani muke zuba su."

"Na ga alama."

Ya cire zobe, ya kwance agogonsa ya miƙa wa Malama, ta ɗaura a nata hannun. Ya hura safar hannu ta roba ɗaya bayan ɗaya, ya kara a kunne ko zai ji iska na fita. Ya cire kan ƙaramin batir na gaba, ya ɗaga kujerar baya ya zare wani fulogi ruwan lemo mai raba wutar babban batirin, ya jefa shi a aljihun gyauto don kada wani mai taimako ya mayar. Sannan ya ce sai a jira wutar da ta rage a jikin motar ta sauka. Rediyo ya cike jiran da labarin wani mutum da wuta ta kama har makullan aljihunsa suka narke suka zama ɗaya, ya ce da idonsa ya ga wanda ya gani.

A nan Mai Agogo ya ɗauko abin da ya sa Malama ta zo da shi daga gida: tsohuwar rularta ta allo, ta katako, doguwa mai kauri, lambobin jikinta sun goge. Duk shekarunta na koyarwa ba ta taɓa dukan ɗan kowa da ita ba. Nuna ta kawai take yi, aji ya yi tsit.

"Ƙa'idar aikin ke nan," ya ce. "Mai taɓa wuta ba ya aiki shi kaɗai. Wani zai tsaya a bayansa da busasshen katako. Idan wuta ta kama mutum ba ya iya saki, ba ya iya magana. Kada ki taɓa ni da hannu, ke ma za ta haɗa da ke. Ki kwaɗa wa hannuna rular nan da dukkan ƙarfinki."

"Ta yaya zan san ta kama ka?"

"Za ki ga..." Sai da ya kai nan ya ji abin da yake shirin faɗa. Makonni yana shiri, ya tuna da komai, har da ƙyalle, bai tuna da wannan ba. "Za ki ga hannuna ya ɗauki rawa."

"Rawa," in ji Malama.

"Rawa."

"To."

"Yaya, ki ba ni rular," in ji Rediyo. "Shekara da shekaru nake jiran irin wannan damar."

"Shi ya sa ba za a ba ka ba."

Aka ɗaga motar sama. Ƙa'ida ta biyu ita ce a yi aikin wuta da hannu ɗaya, ɗayan a baya, kuma ba a taɓa rubuta ƙa'idar da ta yi wa mutum daɗi kamar wannan ba. Ya tura na dama a baya, ya maƙala 'yan matsan mitar awon wuta da hagu a bakin tsohon batirin, mita ta nuna sifili. Ya zare manyan kebul masu ruwan lemo, ya tsiyaye ruwan sanyaya a bokiti. Rediyo ya tura teburin ƙarfe ƙarƙashi ya yi ta bugawa har ya tokare batirin.

Sai notuna. A nan ya fito da hannun dama, ya damƙi sifana, kuma hannun bai ba shi kunya ba. Aikin ƙarfi ne, ba ruwansa da natsuwa. Noti ya yi ƙara ya saki, na gaba ma haka. Kowanne ya fito sai ya goge shi, ya kai shi kan farin ƙyalle, ya ajiye a daidai inda yake a jikin motar. Gumi yana bin bayansa, kafaɗunsa suna zafi, rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar da ya rufe shago. Ya saci kallon Malama. Tana tsaye a bayansa riƙe da rula da hannu biyu, fuskarta irin ta mai tsaron jarrabawa.

Tsohon batirin ya sauko a hankali, ƙura da 'yan tsakuwa a bayansa. Mai Agogo ya ciro ɗan burushinsa na agogo ya fara share shi daga kusurwa. Da ya ga abin zai kai gobe, ya bari. Sannan, kafin ya ankara, ya sunkuya ya kara kunnensa a jikinsa.

"Yana tafiya?" in ji Rediyo.

Ya miƙe ya kakkaɓe gyautonsa.

Sauya su a kan tebur ya ci su har rana ta take, da sarƙa da katakai da shawarwarin Rediyo, waɗanda aka bi guda ɗaya aka yi nadama. Daga ƙarshe sabon ya hau, ramuka suka yi daidai, notuna suka bar ƙyalle ɗaya bayan ɗaya suka koma gidajensu, ba ko ɗaya da ya yi saura. Abin da ya rage a haɗa kebul. Amma batirin daga motar hatsari ya fito, ba wanda ya san abin da bugun ya taɓa a cikinsa, dole a auna bakinsa a tabbatar babu wuta kafin a kai hannu.

Ya kai 'yan matsan, suka ƙi shiga. Bakin wannan a lotse yake, da wasu 'yan ramuka biyu matsattsu a ciki. Sai dai tsinkayen mita, sirara guda biyu, ɗaya a kowane hannu, a sama da kai, a saka su a tare a riƙe.

Ya tsaya yana kallon ramukan. Ya yi tunanin ya ce Rediyo ya riƙe ɗaya, ya tuna safar guda biyu ce kawai kuma Rediyo ne. Ya yi tunanin ya ce a bari sai gobe. Ya yi tunanin ya tsallake awon, ya ce ai ya san babu wuta, amma mutumin da bai taɓa rufe bayan agogo ba tare da ya gwada shi ba ba zai fara yau ba. Ya rataya mitar a jikin ƙarfe, ya ɗaga hannuwansa.

Na hagu ya shiga. Na dama ya kai bakin ramin, ya tsaya, ya fara. Da farko tsinken ne kawai yake ƙwanƙwasa roba, ƙas-ƙas-ƙas. Ya matse yatsunsa, abin ya ƙaru, dama haka yake yi idan an matsa masa. Ya hau wuyan hannu, ya kai gwiwar hannu, safar roba tana karkarwa a fili, a tsakiyar shago, da rana tsaka. Ya tura tsinken da ƙarfin tsiya ya shiga, hannun bai daina ba.

"Wuta!" Rediyo ya kurma ihu. "Yaya, ta kama shi! Buge shi! Buge shi mana!"

Mai Agogo ya runtse ido. Abin mamaki, fata yake ta buga. In ta buga, wuta ce. Za a ce Allah ya kiyaye, a ɗaure hannun, ya samu wata guda ko biyu yana rawa da dalili.

Ya ji ƙarar katako a kan ƙashi, ƙwal, amma ba a jikinsa ba. Ya buɗe ido ya waiga. Rediyo ne ya kai hannu zai fizge rular, aka sauke masa ita a bayan yatsu. Yana tsalle da ƙafa ɗaya, hannu a hammata.

"Yaya! Ni wuta ta kama?"

"Je ka sayo mana ruwan sanyi."

"Mutum yana mutuwa kina..."

"Ba ya mutuwa. Ka sayo a nesa."

Rediyo ya dubi yayarsa, ya dubi mijinta, kuma a karo na farko a tarihi rediyon ya kashe kansa da kansa. Ya fita yana yarfa hannu.

Malama ta matso ta leƙa mitar ta saman tabarau. "Sifili," ta ce. "Sauke hannunka."

Ya sauke. Na daman bai san an gama ba, yana ta yi. Ya kai shi aljihu, safar ta hana shi shiga, ya rasa inda zai sa shi, ya bar shi a waje.

"Na ce in kin ga rawa ki buga," ya ce.

"Ka ce in wuta ta kama ka."

"Daga can ba kya ganin mita. Ta yaya kika san ba wuta ba ce?"

"Na san rawar nan. Ta kofin shayi ce."

Mai Agogo ya tsaya yana haɗa abubuwa, kuma shi mutum ne da ya iya haɗa ƙananan abubuwa. Rabin kofi. Manyan maɓallai. Yadda kullum da safe, da zarar ta ajiye masa shayi, sai ta tuna ta bar wani abu a kicin, ta daɗe ba ta samo shi ba. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunnuwa, ya ji haushinta, ya ji haushin kansa, sannan wani abu ya saki a ƙirjinsa wanda ya fi shekara a ɗaure, har sai da ya dafa teburin ƙarfe.

"Ƙananan maɓallai ba su ɓace a kasuwa ba," ya ce.

"Suna nan cike da gwangwani a ɗakina."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Kana ta wahala kana ɓoyewa. Na ga ba daɗi in ɓata maka aiki."

Ya dubi safar da ke kaɗawa a gefensa. Akwai tambaya ɗaya da ta rage, wadda saboda ita aka sayi batir, aka ari shago, aka shimfiɗa ƙyalle. Ya yi ta da idonsa a ƙasa.

"Kin ce hannun kika aura."

"Na ce."

"To ga shi nan."

"Na gan shi. Ai ban ce sai yana tsaye ba."

Ta jingine rular a kafaɗarta, ta kama yatsun safar ta zare masa ta dama, ta zare ta hagu. Ta kwance agogonsa daga hannunta, ta cire zobenta da 'yan kunne, ta jera su a kan farin ƙyalle a layi. Ta hura safar ɗaya bayan ɗaya ta kara a kunne, yadda ta ga ya yi, sannan ta zura hannuwanta. Sun yi mata yawa.

"Wanne kebul ne farko?"

"Malama, ba ki taɓa..."

"Kai ma ba ka taɓa ba. Batir batir ne. Wanne?"

"Mai kaurin," ya ce. "Ki daidaita shi da bakin, ki tura har ki ji ya ce ƙas, sannan ki kwantar da marfin. Hannu ɗaya a baya."

Ta shiga ƙarƙashin motar, ta gyara tabarau, ta tura hannun hagu a baya. Sai ta tuna, ta juyo ta miƙa masa rular.

"Riƙe. In ka ga na ɗauki rawa, ka buga."

Ya karɓa da hannun dama, ya tsaya a bayanta inda ƙa'ida ta ce a tsaya. Kan rular yana kaɗawa a iska, a fili, bai sauya hannu ba.